Wayar da ake ninkewa: in saya ko in haƙura?

Baban Khalifa, Dutse:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman daga masu gyaran waya da waɗanda suka taɓa riƙe irin wayar nan da ake buɗewa ta zama faffaɗa.

Aikina duba gini ne. Yanzu ba a cika buga zane a takarda ba, injiniya zai turo maka PDF ta WhatsApp ya ce a fara haƙa. A wayata sai in yi ta jan zanen da yatsu biyu: in na faɗaɗa don in ga awon rodi sai in rasa a wane ɗaki nake, in na rage kuma lambobin ba sa karantuwa. Birkila yana tsaye yana jirana, ni ina ta lalube.

Wani abokina mai kawo wayoyi daga Dubai ya nuna mini Galaxy Z Fold4, sakan ce amma tsaf take, ya ce in kawo naira dubu 650. Na buɗe zanen wani bene a kanta, falo da ɗakuna da matakala duk suka fito a lokaci guda da awonsu. Gaskiya raina ya biya. To amma kuɗin ba na wasa ba ne. Shin za ta jure ƙura da siminti? In sikirin ɗin ya mutu ana samun gyara? Sannan nan ne harkar waya ta dosa, har nan gaba kaɗan ta yi arha in jira, ko yayi ne da zai wuce?

Ɗan Farm Centre, Kano:

Wa alaikumus salam. Yallaɓai, tunda a wurin gini kake wuni, ni dai ban ba ka shawarar saye ba. Gyaran waya ne sana'ata, bari in gaya maka abin da ke zuwa kan teburina.

Sikirin ɗin ciki ba irin gilashin da ka saba da shi ba ne. Gilashi ne siriri wanda bai kai kaurin gashin kai ba, an shimfiɗa masa roba mai laushi a sama, shi ya sa yake lanƙwasuwa bai fashe ba. Farce ma in ka danna da ƙarfi yana barin shaida. To ka ɗauka ƙwayar yashi ɗaya ta faɗa a kai ba ka lura ba, ka rufe wayar, ka jefa aljihu, ka sunkuya kana duba harsashin gini. Ka matse yashin ke nan tsakanin fuska biyu masu laushi. Yau ɗan ɗigon baƙi za ka gani, gobe ya bazu, jibi layi ya tsaga tsakiya, tachi ya daina amsawa.

Sai hinjin, wato mahaɗar da wayar take ninkuwa a kanta. Kwanakin baya wani mai sayar da hatsi a Dawanau ya kawo mini tasa, wai ba ta miƙewa sosai, tana tsayawa a ɗan karkace tana ƙas-ƙas. Ya rantse bai taɓa yar da ita ba, kuma na yarda, ko ƙwarzane babu a jikinta. Da na buɗe bayanta na sa ɗan burushi, abin da ya fito daga hinjin shi ne ƙaiƙayi da garin ƙasa da zaren aljihu, sun haɗu da maiƙon ciki sun dunƙule. Shi Allah ya taimake shi bai tilasta ta ba. Wasu in ta ƙi miƙewa sai su danne ta da ƙarfi, a nan sikirin yake tafiya. Kuma ta cikin hinjin nan ne siririn fileks, wato igiyar lantarkin da ke haɗa ɓangarorin biyu, ya bi, in ya gaji ya tsinke za ka ga waya tana ɗaukewa da zarar an buɗe ta.

Kamfanin Samsung mai ƙera ta da kansa bai ce tana jure ƙura ba. Lambar Fold4 ita ce IPX8. Takwas ɗin na ruwa ne, X ɗin kuma yana nufin ba a ba ta wata daraja a kan ƙura ba. Sai a Fold6, a 2024, suka kai IP48, shi ma huɗun nan abin da ya fi milimita 1 girma yake tarewa. Garin siminti da ƙurar hunturu ina ruwansu da milimita 1? Za ka ji ana cewa an gwada ta an ninke sau 200,000, wato sau 100 a rana har shekara 5. Haka ne, amma na'ura ce ta yi ninkin a ɗaki mai tsabta, ba a Dutse cikin watan Janairu ba.

Maganar gyara kuwa ita ce ta fi ciwo. Wayar yau da kullum in sikirin ya fashe, akwai orijinal akwai kofi, ka zaɓi daidai aljihunka, kafin ka gama shan lemo na haɗa maka. Wannan sikirin ɗin ciki yawanci tare yake zuwa da firam da hinji, a dunƙule. Ba ma ajiye shi a shago saboda kuɗin da zai kwanta, sai an yi oda daga Legas ko China, kuma sau da yawa kuɗin yakan tasam ma rabin abin da ka sayi wayar sakan. Ga shi ta Dubai ce, babu garanti. Farar shadda ce, yallaɓai, ta zuwa ɗaurin aure, ba a kwaɓa siminti da ita.

Da ni ne kai, wayar hannuna zan riƙe, in ƙara tablet mai inci 10 ko 11 da kes mai kauri. Fuskarsa ta fi inci 7.6 na Fold ɗin girma nesa ba kusa ba, kuma ba za ka kashe rabin kuɗin nan ba.

Maman Ilham, Abuja:

Haba Malam, ka tsorata bawan Allah da yawa. Ni ina riƙe da ƙaramar, wadda ake ninkewa daga sama zuwa ƙasa, kuma ta haura shekara a hannuna lafiya lau.

Atamfa da leshi nake sayarwa ta intanet. In zan ɗauki bidiyo sai in ninke ta rabi in ajiye a kan tebur, ta tsaya da kanta, hannuwana biyu suna warware yadi ina nuna zane. Da sai na nemi yarinya ta riƙe mini, hoton yana ta rawa. Wani abin da ban zata ba, ta rage mini latse-latse. Saƙo ya shigo in leƙa a ƙaramin sikirin na waje, in ba na kwastoma ba ne in mayar jaka. Da kuwa da na buɗe waya sai na tsinci kaina a TikTok.

Layin tsakiyar nan da ake ta magana, bayan sati guda ido ya daina ganinsa, yatsa ne kawai yake jin ɗan kwarin. Abin da ya taɓa damuna shi ne ledar saman sikirin da ta fara ɗagowa daidai wurin ninkin. Ban taɓa ta ba, na kai ofishinsu aka sauya. Sai batir, wannan kam ba na yabonsa, kafin la'asar ina neman caja, in na daɗe ina bidiyo kuma ta ɗau zafi.

Amma fa Baban Khalifa, ni daga gida sai mota sai shago. Wurin aikinka daban ne, a nan ba zan musa wa Malam ba.

Sadiq Mai Data:

Baba, ni tambayarka ta ƙarshe zan taɓa, ta jira ko kar a jira.

An yi nisa ƙwarai. A Afrilun 2019 da Samsung ta raba wa 'yan jarida Galaxy Fold ta farko, cikin 'yan kwanaki wasu suka lalace, wasu saboda an ɓare ledar sama an zaci ta kwali ce, wasu kuma abu ne ya shige ta hinji. Dole aka ɗage sayarwa zuwa Satumba. Ga Fold7 ta 2025, nauyinta giram 215, kaurinta a rufe milimita 8.9, kusan daidai da wayar da ba a ninkewa, alhali Fold4 da aka nuna maka giram 263 ce. Huawei ta fitar da Mate XT mai ninki biyu fuska uku a 2024. Matsalar ƙurar ma an fara cin ƙarfinta, don Pixel 10 Pro Fold ta Google ta zo da IP68, wato a rufe take ruf daga ƙura.

Abin da bai motsa ba shi ne farashi. Ta farko dala 1,980, Fold7 dala 1,999. In ka lissafa dala a wajen naira 1,500 ana maganar miliyan 3, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake dubu 70. Shi ya sa ko a duniya baki ɗaya, a 2024 ba su kai kashi 2 cikin 100 na wayoyin da aka sayar ba.

Ni inda nake sa ido shi ne Transsion, masu Tecno da Infinix da itel, don su ne suka san aljihunmu. Tecno ta fito da Phantom V Fold a 2023 a wajen dala 1,100, Infinix ta biyo da Zero Flip a 2024, kuma suna da Carlcare, cibiyoyinsu na gyaran waya, a garuruwanmu. In dai wayar nan za ta zama ta kowa a nan, ta hannunsu za ta zo. Amma ban ga alamar za ta kori wayar da muka saba da ita ba. Mai POS da ɗan acaɓa da mai sayar da data irina, batir mai kai dare muke nema da abin da zai faɗi a ɗauka a kaɗe.

Ka kuma sani Fold4 ta 2022 ce. Alkawarin da aka yi mata shi ne sabunta Android sau 4 da gyaran tsaro na shekara 5, ka ga ta ci mafi yawan rabonta.

Baban Khalifa, Dutse:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Tablet ɗin na taɓa tunaninsa, matsalar ita ce hawa tsani da shi, ba ya shiga aljihu kuma hannu biyu nake buƙata. Gaskiya har yanzu zuciyata tana kan wayar. In na rufe ido na ce zan saya, in riƙa barinta a mota sai lokacin duba zane, Malam me zan duba kafin in biya?

Ɗan Farm Centre, Kano:

To yallaɓai, na ga an riga an kama ka. Jakar rataye ta dubu kaɗan ta warware maganar tsani, amma kuɗinka ne.

Ka je da rana, kar ka karɓa da dare. Buɗe ta gaba ɗaya ka kwantar a kan tebur, ka sunkuya ka duba ta gefe. In ba ta kwanta shar ba, ko kaɗan ne, hinjin ya fara cika. Ka buɗe ka rufe a hankali kusa da kunnenka, sabuwa ma tana ɗan motsi, amma ƙarar yashi daban take. Ka sa farin hoto ya cika fuskar, ka ƙure haske, ka bi layin tsakiya da ido daga sama har ƙasa, sannan ka sauya baƙi ka sake bi. Ka danna alamar wata manhaja ka ja ta ko'ina, musamman ka tsallaka tsakiyar da ita sau da yawa. In ta kuɓuce a wani wuri, tachi ya mutu a nan. Ka kunna karatu ko bidiyo, ka yi ta buɗewa da rufewa yana yi. In sauti ya yanke, ko Wi-Fi ya ɗauke, ko wayar ta mutu ta tashi, fileks ne, kar ka saurari bayani.

Ledar ciki in ka ga kumfa ko ta ɗago a tsakiya, a rage maka kuɗin sauyawa, kuma kar ka bari yaron bakin titi ya manna maka gilashin gad a kai. Kar ka haɗa ta aljihu ɗaya da makulli ko ƙusa, ka hure fuskar kafin ka rufe, ko da kana sauri.

Tunda abokinka ne, ka nemi ya ba ka sati guda na gwaji, a rubuce ko a saƙon WhatsApp. In ya ce kayan Dubai ba a dawo da su, ka bar masa abarsa, ka shigo Kano in raka ka layin masu tablet.