Waɗanda suka kalli Humans: wace fitowa ce ta tsaya muku a rai?

Maman Biyu, Rijiyar Zaki

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanina ne ya tura min Humans a waya lokacin hutun yara, fim mai dogon zangon nan na Ingila da tashar Channel 4 ta fara nunawa a 2015, zango uku, kowanne kashi takwas. Duniyar cikinsa irin tamu ce sak, sai dai ana sayar da mutum-mutumi a kanti kamar firji. Kamarsu ɗaya da mutane in ban da koren idonsu. Ana jona su a caji, in an taɓa ƙarƙashin haɓarsu su ɗauke ɗif. A cikinsu akwai 'yan kaɗan da maƙerinsu ya sa musu hankali, suna jin zafi, suna jin tsoro.

Ga abin da ya sa na kawo zancen. A kashi na farko maigida Joe ya sayo Anita don aikin gida, matarsa Laura ba ta nan. Muna kallo a falo, yarinyar da ke taya ni aiki tana bakin ƙofa inda ta saba zama, da farantin wake tana tsincewa. Aka zo wurin da iyalin suke karyawa, Anita na tsaye tana yi musu hidima. Sai ƙaramar 'yata ta ce, “Mama, ita ma ba ta zama a kujera, kamar Yaya.” Wallahi na rasa inda zan sa idona. Shekararta biyu a gidana. Ban taɓa hana ta kujera ba, amma ban taɓa ce mata ta hau ba. Ni kaɗai ce fim ɗin nan ya yi wa haka?

Mai gyaran waya, Farm Centre

Wa'alaikumussalam Hajiya, ba ke kaɗai ba ce. Maƙwabcin shagona mai tura fina-finai ne, ya ce da yawa suna karɓa da zaton za su ga faɗa da harbe-harbe irin na fina-finan mutum-mutumin Indiya, sai su tarar da labarin cikin gida. Asalinsa ma na ƙasar Suwidin ne, na 2012, Turawan Ingila suka sake shi.

Ni wurin da ya kama ni sana'ata ce. Anita ai ba sabuwa ba ce. Sunanta Mia, sace ta aka yi, aka yi mata filashin, aka sayar a matsayin sabuwa fil. Sai da Mattie, babbar 'yar gidan, ta jona ta da kwamfuta aka gane akwai wata a danne a ƙasa. Filashin kuwa kullum sai na yi, ban taɓa jin komai ba. Bayan na kalli wurin nan da 'yan kwanaki wata dattijuwa ta kawo wayar ɗanta da ya rasu, gilashin ya dagargaje. Ta ce ba wayar take so ba, muryarsa take so, akwai saƙonnin murya a ciki. Da a da ne sai in ce mata ba tabbas, in kama aikin da ya fi kawo kuɗi. Na kwana biyu a kanta. Da ta kawo haske na miƙa mata, ta kara a kunne nan cikin hayaniyar kasuwa, ni kuma na sunkuyar da kai ina ta goge teburin da ba datti.

Ɗan Gwale

Ni Dokta George da Odi ne suka sa ni hawaye. Tsoho ne, ciwo ya tafi da rabin abin da yake tunawa game da matarsa marigayiya, sai tsohon mutum-mutuminsa Odi ne ke tuna masa. Odi ya lalace, hukuma ta ce a canza shi, aka kawo masa sabuwa, Vera, wadda ba ta san komai ba sai lokacin shan magani. Tsohon ya dinga ɓoye Odi a cikin gida.

Baba yanzu ba ya gane mu sosai. Akwai wani dattijo da ya yi masa yaron shago a Kantin Kwari tun kafin a haife ni, duk Juma'a bayan masallaci yake zuwa. Shi ma ƙafa ta ƙi, sai an kamo shi daga adaidaita. Da ya zauna zai fara: “Alhaji, ka tuna shekarar da muka kwana a kan dilolin atamfa?” Sai ka ga fuskar Baba ta washe. A da ina ganin zuwansa ɗawainiya ce, ga shayi ga kuɗin mota. Yanzu ni nake zuwa ɗauko shi da kaina.

Ɗalibi, Ɗorayi

Allah ya ba Baba lafiya. Mu a majalisarmu har musu ya kaure bayan Isha'i a kan Niska, ɗaya daga cikin mutum-mutumin da aka sa wa hankali, wadda aka jefa gidan banza alhali tana jin komai, ta kashe mutum ta gudu, daga baya a zango na biyu ta nemi a yi mata shari'a kamar ɗan Adam. Wani abokinmu ya ce nan gaba sai an yi wa irinsu sallar gawa. Na ce masa ya yi a hankali. Ruhi na Allah ne, aya ta 85 a Suratul Isra'i ta rufe wannan ƙofar, kuma injin da ya iya kwaikwayon kuka bai zama mai rai ba. Har gobe a nan nake.

Amma da na koma ɗaki abin ya ƙi barina. Mazan da ke shiga wurin Niska ba su san tana ji ba, duk da haka abin da suka zo da shi daga zuciyarsu ya fito. Na tuna hadisin Abu Zarri a Bukhari, cewa masu yi mana hidima 'yan uwanmu ne da Allah ya sa a ƙarƙashinmu, a ciyar da su daga abin da ake ci. Akwai almajirin da ke yi mana wanki shekara guda kenan, “kai yaro” nake ce masa.

Ma'aikaci, Sharaɗa

Ni ban ji tausayin injin ba, gaskiya. A zango na biyu da aka sallami Joe daga aiki aka sa mutum-mutumi a gurbinsa, kashe wayar na yi. A wurin aikina mu shida ne a layin ɗaure kaya, aka kawo injin, aka bar mutum biyu. Ina cikin waɗanda aka bari, amma ɗaya daga cikin huɗun da aka sallama a unguwarmu yake, kullum da safe sai na wuce ta ƙofar gidansa.

Wata 'yar uwa, Kurna

Maman Biyu, ni na yi aikatau shekara shida kafin aurena, don haka bari in yi miki magana daga bakin ƙofar. Ba kujerar ce ta fi ciwo ba. Ranar da aka kawo ni daga ƙauye aka tambayi sunana, na faɗa, sai uwar ɗakina ta ce sunan surukarta ne, ba zai kiru a gidan ba. Nan take aka raɗa min wani. Mutanen kirki ne, ba a taɓa duka na ba, har kayan ɗaki sun taya ni. Amma shekara shida ina amsa sunan da ba nawa ba, har wata rana da na je gida Inna ta kira ni sau uku ban waiwayo ba.

Shi ya sa da na ga ƙaramar 'yar gidan ce ta zaɓar wa Mia sunan Anita, ita kuma ta amsa da murmushi, sai na ajiye wayar na fita tsakar gida. Maigidana ya zaci wani ne ya rasu. Ki tambayi yarinyar da ke taya ki aiki yaushe rabonta da gida, Anti. Kuma kada ki tambaye ta a gaban yara, za ta ce miki ba komai.

Maman Biyu, Rijiyar Zaki

Na gode ƙanwata. Na tambaye ta ɗazu a kicin, mu biyu. Ta daɗe tana juya miya kafin ta ce tun Babbar Sallar bara, kuma an yi mata ƙani ba ta gan shi ba. Na yi magana da Abban yara, ranar Asabar da safe zai kai ta tasha.