Garin bagaruwa da tafarnuwa cikin dusar raguna: gyaran tumbi ne ko ɓarna?

Mai Turka, Tawa:
Assalamu alaikum. A kasuwar dabbobi ta Tawa ana ta cewa in an barbaɗa garin bagaruwa ko tafarnuwa cikin dusa, rago zai fi morar abinci, kumburin ciki kuma ya ragu. Malamai, ina gaskiyar maganar? A ce ragon turka ne bali-bali mai kilo 40, yana cin harawa, karan dawa da dusar alkama. Nawa ake sawa, kuma daga ina yake komawa illa?

Malamin Kiwo, Yamai:
Wa alaikumus salam, Malam. Maganar tana da tushe, amma ma'auni ne duka sirrin.

Ba rago ne ke narkar da harawa ba, ƙananan halittun da ke cikin tumbinsa ne. Suna tsima abincin, suna fitar da iskar metan da yake gyatsarwa, kuma da wannan iskar ake asarar kashi 2 zuwa 12 cikin 100 na ƙarfin abinci. Suna kuma farfasa furotin da wuri ya zama amoniya, mai yawansa ya bi fitsari.

Baurin nan na bagaruwa, wanda majema ke jeme fata da shi, shi ake kira tanin. Yadda yake kama fata haka yake kama furotin a tumbi ya hana halittun taɓa shi. Sai abinci ya kai ciki na huɗu, mai tsami sosai, sannan tanin ya saki furotin hanji ya tsotse. Amfanin ke nan. To amma in tanin ya haura kashi 5 cikin 100 na busasshen abinci, narkewar kara da harawa ma sai ta ja baya. Na bagaruwa kuwa irin wanda ke farfashewa ya shiga jini ne, in ya yi yawa yana taɓa hanta da ƙoda.

Ragonka zai ci kamar kilo 1 da giram 300 na busasshen abinci a yini. A cire ƙwallayen ƴaƴan bagaruwa, a daka ɓawon, a tankaɗe. A fara da giram 10 cikin dusar da aka ɗan yayyafa wa ruwa, a riƙa ƙarawa cikin mako biyu, ni dai ba zan ce a wuce giram 40 ba. In ya sunsuna ya juya baya, ko kashinsa ya bushe ƙirin, ko tuƙa ta ragu, a tsaya. Tunkiya mai ciki da ƴan raguna, kada a ba su.

Hajiya Mai Madara:
Malam ya gama da bagaruwa. Tafarnuwa kuwa, yawancin abin da ake faɗa a kanta daga gwajin kwalba aka samo shi, da ruwan tumbi a ɗakin bincike. A jikin dabba tasirin ya fi haka rauni, halittun tumbi kan saba da ita cikin ƴan makonni. Haka sinadarin kumfa irin na aduwa: yana rage wasu halittun da farko, daga baya su farfaɗo. Kuma mai saniyar tatsa ya sani, warin tafarnuwa yana bin nono.

Ɗan Ader:
Mai Turka, zancen kumburi ne ya dame ni. Kumburin ragon turka galibi daga dusa da hatsi yake: an cika masa kwano yana jin yunwa, tumbi ya yi tsami, tuƙa ta tsaya, kwiɓin hagu ya ɗaure kamar ganga. Bagaruwa ba ta warkar da wannan. A fara ba shi harawa da safe, bayan awa guda a kawo dusa, a raba ta biyu, safe da yamma. Kanwa kamar giram 10 a yini tana rage tsamin. Amma kada a jiƙa bagaruwa da kanwa ko toka, suna karya baurin, an yi aikin banza ke nan.

Wanda ke son tanin mai sauƙi, ga ƴaƴan gawo suna zuba da rani. Baurinsu kaɗan ne, ga furotin kamar kashi 11 cikin 100. A ɓarza su, don in an ba da su ɗungum ƙwayar a kashi take fita yadda ta shiga. Giram 200 zuwa 300 a yini ya isa, a adana a busasshen wuri, wanda ya yi fumfuna a zubar.