Kayak dai, me za mu ce masa da Hausa?

Jama'a ku taimaka min da kalma ɗaya. Ina rubutu ne a kan Curtis McGrath, sojan Ostareliya da ya taka nakiya a lardin Uruzgan na Afganistan a watan Agustan 2012, aikinsa ma fa neman nakiyoyin ne, ƙafa biyu suka tafi, amma shekara 4 kacal bayan haka ya ci zinare a tseren jirgin ruwa na mita 200 a gasar nakasassu ta Rio 2016. Ya ƙara biyu a Tokyo, ɗaya a Paris 2024. To jirgin da yake tuƙawa shi ne matsalar.

In ka ce kwale-kwale kawai ka kwana, domin a Olamfik tun Berlin 1936 iri biyu ne kuma lambobin yabonsu daban. Ɗaya mutum yana gurfane kan gwiwa ɗaya da filafili mai baki guda, ɗayan kuma kayak, zaune kake ƙafa a miƙe gaba, filafilin baki biyu gare shi kana sara dama kana sara hagu.

Wani ya ce mu hausantar da shi kawai mu ce kayaki, tunda asali ma ba turanci ba ne, kalmar mutanen Inuwit ce na can ƙasar ƙanƙara, da fatar dabbar ruwa suke rufe shi su fita farauta. Hujja ce mai kyau wlh, amma ka ce wa mutumin Kantin Kwari an yi tseren kayaki ka ga ko ba ɗan dako zai fara tunawa ba.

Wata baiwar Allah ta kawo jirgi mai baki biyu. Hajiya a yi haƙuri, mai baki biyu ai munafuki ne a wajenmu, kuma filafilin ne mai bakin ba jirgin ba.

Ni dai na fi karkata ga kwale-kwalen zaune, ɗan uwansa kuma kwale-kwalen gurfane. Wani yayanmu daga Yauri ya ce ai su ma a Rigata, bikin tseren jiragen ruwansu, da yawa a zaune suke tuƙi. Gaskiya ne yaya, amma nan maganar tseren Olamfik muke, kuma abin da ido ke fara gani a talabijin kenan, wannan a zaune wancan a gurfane.

Inda ta ɗan cije shi ne zinaren McGrath na biyu a Tokyo, wannan a va'a ya ci shi, jirgin mutanen tsibiran Fasifik mai wani siririn katako a gefe da ke hana shi kifewa, shi ma a zaune ake tuƙa shi. Wannan sai mu ce masa mai ɗan rakiya.

Na rubuta kwale-kwalen zaune a labarin. Masunta da 'yan fito, in kuna da sunan ƙaramin jirgi mai cin mutum ɗaya a garinku ku ajiye shi a ƙasa kafin in tura.