Shawarwari kan rubuta wa yara labaran tarihin Maraɗi

A wata tattaunawa da malaman firamare da iyaye suka yi a Maraɗi, ra'ayi ya zo ɗaya cewa ƙagaggen labari ya fi jerin sunayen sarakuna zama a zuciyar yaro, muddin marubuci bai taɓa ƙashin bayan tarihin ba. Shawarar da aka fi nanatawa ita ce jarumin labari ya kasance yaro talaka, misali ɗan marini da ya biyo Katsinawan da suka yo hijira bayan faɗuwar Katsina a hannun masu jihadi a 1807, har Ɗan Kasawa ya kafa sarautarsu a Maraɗi.

An daɗe kan ambaliyar 1945, wadda ta cinye tsohon gari a kwarin gulbi ta sa aka koma kan tudu, domin har yanzu akwai gidajen da kakanni ke ba da labarinta. Sai a tura yara su tambayo abin da aka tsira da shi, ko tukunya ko buhun gero, a gina labari a kai.

Game da zaman tare kuwa, an ja kunnen marubuta kada Bafulatani ya fito kullum a matsayin abokin gaba, ko Buzu a matsayin baƙo, alhali a aji guda jikokinsu ke zaune da Gobirawan Tibiri. A ganina nan aikin ya fi wuya. An kuma nemi a ware shafin ƙarshe mai bambance abin da ya faru da abin da aka ƙaga.