Yaya ake barin damuwar ofis a waje kafin a shiga gida?

Ma'aikaci daga Mabera:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga aikin albashi. Shekara 6 ke nan ina aiki a sashen lissafin kuɗi na wani kamfani a nan Sakkwato, kuma ko da yake muna tashi ƙarfe biyar na yamma, hankalina yakan kwana a ofis. Ina bisa babur ina juya alƙaluman da suka ƙi daidaita, ina cin tuwon dare ina leƙa WhatsApp ko oga ya turo saƙo. Abin da ya sa na kasa yin shiru shi ne, shekaranjiya ɗiyata ta kawo mini allonta don in ga sabon rubutun da malaminsu ya yi mata, sai na daka mata tsawa ba tare da ta yi laifin komai ba. Ta rungume allon ta ɓuya bayan mahaifiyarta, kuma har yanzu abin yana cin raina.

Dattijo daga Kanwuri:
Wa alaikumus salam, ɗana. Na yi shekara 35 a aikin gwamnati kafin in ajiye, kuma abin da ya taimake ni shi ne ban taɓa yarda in faɗa cikin iyali da zafin hanya a jikina ba. Idan na iso, nakan tuɓe kayan aiki, in watsa ruwa, in sa 'yar shara, sannan in taka da ƙafa zuwa masallaci don sallar magariba. Daga nan sai in ɗan zauna a majalisar ƙofar gida inda babu mai zancen fayil, kafin isha'i na dawo da fuskar da yara za su iya kusanta. Ka tuna maganar da Salmanul Farisi ya yi wa Abud Darda'i, cewa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, kai ma kana da haƙƙi a kan kanka, iyalinka ma haka, kuma Annabi (SAW) ya gaskata shi. Ita kuwa yarinyar, kada ka bari a kwana uku: kira ta da kanka, ka ce ta kawo allon ta biya maka.

Ma'aikaciyar jinya daga Runjin Sambo:
Baba ya faɗi gaskiya, zan ƙara da abin da ya shafi jiki. Malam, ka duba shayin da kake sha da dare da goron da kake tauna, domin dukansu suna da sinadarin kafeyin mai hana barci, wanda jiki ke ɗaukar kimanin awa biyar kafin ya rage rabinsa. Wanda ya sha shayi mai kauri bayan isha'i, ga kuma zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, ga wuta ta ɗauke, to kwanciya kawai zai yi yana lissafin ofis har asuba. Ni kafin in bar wurin aiki nakan rubuta a takarda abubuwan da suka rage na gobe, in sa ta cikin aljihun tebur in rufe, domin abin da aka rubuta ba ya bukatar a yi ta riƙonsa a kai. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin wannan gajiya mai cinye mutum a matsayin matsalar da ke fitowa daga damuwar aiki da ta daɗe ba a shawo kanta ba. Idan rashin barcin ya kai makonni, ko ciwon kai ya yawaita, ka je a auna maka jini.

Malamin makaranta daga Arkilla:
Da girmamawa ga Baba, zamaninsu ofis ba ya bin mutum har ɗaka, mu kuwa yana cikin aljihunmu. Wanka da majalisa ba za su yi amfani ba muddin waya tana ƙara ana tsakiyar cin abinci. A Faransa tun 2017 doka ta amince cewa ma'aikaci yana da 'yancin ƙin bin saƙonnin aiki bayan an tashi. Shawarata ita ce ka sami ogan naka lokacin da hankalinsa yake kwance, ka gaya masa cikin ladabi cewa daga magariba zuwa safe kana tare da iyali, idan abu ne na gaggawa ya kira ka kai tsaye, sauran kuma za ka duba da sassafe.

Ma'aikaci daga Mabera:
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Maganar oga zan jira ƙarshen wata ya wuce, a gama biyan albashi, sannan in same shi. Baba, jiya na bar wayar a ɗaki na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na kira ta. Da farko ta tsaya daga nesa tana kallona, daga baya ta matso da allon, ta biya mini karatunta har sau biyu.