Wa Ya Cancanci Sandar Kiwo?

Tsohon Makiyayi:
Salama a gare ku 'yan'uwa. Ga 'yan baitoci kan halin shugaba kamar yadda Littafi Mai Tsarki ya nuna. Ƙwar huɗu ce, wato ɗango (layi) huɗu a kowane baiti, babban amsa-amo, wato ƙarshen kowane baiti, "ba". Mai amsa ya amsa da waƙa.

Da sunan Uba nake farawa,
Da Ɗansa da ya zo don fansarwa,
Da Ruhu Mai Tsarki mai koyarwa,
Wanda bai bar mu marayu ba.

Ga Musa zaune cikin jeji,
Shari'a tun safe, babu agaji,
Jama'a na tsaye, kowa ya gaji,
Shi ma bai samu ya huta ba.

Sai Yetro suruki ya zo gare shi,
Ya ce kayan nan zai kayar da shi,
Ya zaɓo amintattu su taimake shi,
Waɗanda ba su san cin hanci ba.

Na dubu, na ɗari, na hamsin, na goma,
Ya naɗa su, kowa aikinsa ya kama,
Mai tsaga teku, da dukan girma,
Bai ce suruki ya yi shiru ba.

Ni dai a wurina farkon hali,
Shi ne kunne mai jin dalili,
Mai cewa shi kaɗai ke da hankali,
Bai san hanyar kiwo ba.

Ɗan Ganuwa:
Baba, a gafarce ni, ba zan bar ka ka tafi da tutar nan kai kaɗai ba.

Baba, waƙarka ta yi daɗi,
Sai dai kunne kaɗai ka faɗi,
Ina hannu? Ina riƙon kuɗi?
Ba ka taɓo manyan ba.

Nehemiya mai shayar da sarki,
Ya bar Shushan ya zo ga aiki,
Da dare ya zaga, ya kame baki,
Bai gaya wa kowa nufinsa ba.

Kwana 52 ganuwa ta tashi,
Sanballat na ba'a, ya ƙyale shi,
Hannu ɗaya gini, ɗaya da mashi,
Ko riga ba su tuɓe ba.

Shekara 12 yana gwamna,
Bai sayi fili ba balle gona,
Mutum 150 kan zo su zauna,
Bai karɓi kason gwamna ba.

Musanka kuwa, Baba, a Meriba,
An ce ya yi magana, bai yi ba,
Ya bugi dutse, ko ba ka gani ba?
Kan'ana bai taka ta ba.

Sabon Alƙalami:
Kai! Yaya ya gama magana. Baitin Meriba ɗin nan ba mai iya ɗaga shi. Ni ina bayan Ɗan Ganuwa har ƙarshe.

Uwar Marayu:
Sannu da rawar kai, ɗana. Tun kafin a haifi yayan naka Malam yake tsara baiti. Ka jira amsa tukuna ka raba nasara.

Tsohon Makiyayi:
Ɗana, ka ɗauko Meriba da sauri,
Sai ka ce ka tsinci abin alfahari,
Littafin Ƙidaya ya shaida tun fari,
Ba a yi mai tawali'u kamarsa ba.

Nehemiyanka ma da kunne ya fara,
Matalauta suka zo masa da ƙara,
An jinginar da gona, an bautar da yara,
Bai ce gini ya hana shi ji ba.

Ya tara manya ya tsawata musu,
Ya ce su mayar da gonakin 'yan'uwansu,
Ya sa suka rantse gaban firistocinsu,
Da bai ji kuka ba, da bai yi ba.

Rehobowam ya gaji Sulemanu,
Dattawa suka ce ka sassauta hannu,
Ya bi samari masu ƙin bin sannu,
Kabila 10 ba su dawo ba.

Uwar Marayu:
Madalla, Malam! Ga shi nan, an juya masa Nehemiyan nasa a hannu. Ina mai cewa ba a ɗaga baitin Meriba?

'Yar Dabino:
Baba da Yaya, ku ɗan saurara,
Kun jero maza kun bar Debora.

Gindin dabino ne kotunta,
Isra'ila duk can suke kai ƙara.

Sisera na da karusan ƙarfe 900,
Shekara 20 ana ta asara.

Barak ya ce mata, in kin zauna,
Na zauna, sai da ke zan fara.

Ba ta ƙwace masa rundunar ba,
Ta ƙarfafa shi har ya kori Sisera.

Tsayar da mai rawar gwiwa kan ƙafarsa,
Hali ne babba, sai ku lura.

Mai Awon Kari:
Na yi shiru har na gaji. Baba ya kafa ƙa'ida, ƙwar huɗu da "ba". Ƙanwata ta shigo da ƙwar biyu da "ra", ba ta ko nemi izini ba. Sannan a karanta ɗangon Sisera da baki: in ka furta ɗari tara, gaɓa 14 ke nan, alhali "Gindin dabino ne kotunta" gaɓa 9 ce. Ɗan Ganuwa ma bai tsira ba. Ɗangon ganuwa gaɓa 13 ne in an furta hamsin da biyu. Baitin Meriba da ake ta kuranta shi kuwa, ƙaramin amsa-amo da babba sun narke wuri ɗaya, "ba" ta korewa sau uku a jere. Wannan ba gwaninta ba ce, rashin kalma ne.

Ɗan Ganuwa:
Malam, tun yaushe ake auna rubutacciyar waƙar Hausa da ƙirgen gaɓa? Da nauyi ake aunawa, gaɓa mai nauyi da marar nauyi, yadda suke bin juna. Kana iya samun ɗango biyu da adadinsu ya bambanta amma suna tafiya kan kari ɗaya. In za ka kama ni, kama ni da ma'aunin gaskiya.

Mai Awon Kari:
To ka ƙara wa kanka laifi. Da ƙirge na yi maka sauƙi. In nauyi kake so, faɗa mana a wane kari ka hau. Mutadarik ne? Kamil ne? Rajaz ne? Ka yanka mana ɗangon ganuwa ƙafa ƙafa mu gani.

Ɗan Ganuwa:
Ka fara yanka na Baba, tunda shi ba ka taɓa shi ba. "Na dubu, na ɗari, na hamsin, na goma" a wane kari yake? Ko ma'aunin naka yana jin kunyar furfura?

'Yar Dabino:
Malam, na kawo muku mace mai shari'a wadda duk Isra'ila ke zuwa wurinta, ba wanda ya ce uffan a kanta, sai ƙirga mini gaɓa. Karusan 900 ne, ba ni na ƙera su ba, ba kuma zan rage su don ɗango ya yi maka daidai ba.

Uwar Marayu:
Ku bari in tuna muku. Zabura da muke rerawa, a Ibrananci ba a gina ta kan amsa-amo irin namu ba. Layi na biyu ne yake amsa ma'anar na farko, ko ya ƙarfafa ta ko ya kawo kishiyarta. Duk da haka ba wanda ya ce Dauda ba mawaƙi ba ne.

Mai Awon Kari:
Mama, Dauda ya bi ƙa'idar harshensa. Mu ma mu bi ta namu.

Sabon Alƙalami:
Ni ma ga nawa, a karɓa da haƙuri.

Bulus ya rubuta wa Timoti wasiƙa ta fari,
Ya ce mai kula da ikilisiya ya zama marar abin zargi kuma mai haƙuri,
Mijin mace ɗaya, mai karɓar baƙi, ba mashayi ba, ba mai son kuɗi ba tun fari,
Kuma kada ya zama sabon tuba.

Mai Awon Kari:
Ƙanena, ɗangonka ya kwance,
Na biyu ya yi tsawo ya zarce,
"Fari" sau biyu, kari ya kauce,
Ba ka auna kafin ka aiko ba.

Uwar Marayu:
Malam, ka sassauta wa yaro,
Kowane gwani da koyo ya faro,
Kar ka sa alƙalami ya ba shi tsoro,
Ba haka Barnaba ya yi ba.

Markus ya juya tun a Bamfiliya,
Bulus ya ce ba shi a tafiya,
Barnaba ya ɗauke shi suka kama hanya,
Bai yar da shi don ya kasa ba.

Daga baya Bulus da bakinsa,
Ya ce a zo da Markus wurinsa,
Yana da amfani ga hidimarsa,
Da an kore shi da ba a samu ba.

Akwai Diyotarifis mai son gaba,
Yohanna ya ambace shi bai yaba ba,
'Yan'uwa sun zo, bai karɓa ba,
Malam, ban ce kai ne ba.

Ɗan Ganuwa:
Mama ta yi harbi! Ga kuma "ba" a jere, Malam, sai ka zo ka ƙirga mata.

Mai Awon Kari:
Mama, habaicinki ya iso gida,
Amma ki tuna da sarki Dauda,
Natan ya zo masa ya ba da shaida,
Bai ji tsoron sarauta ba.

Ya ce kai ne mutumin, kan Uriya,
Dauda ya sunkuya ya bar fariya,
Ya ce na yi zunubi, ya faɗi gaskiya,
Zabura 51 ba ta ɓoye ba.

Eli ya ji labarin 'ya'yansa,
Ya yi musu faɗa da taushin muryarsa,
Rana ɗaya aka rasa su har shi kansa,
Don ya sani bai hana su ba.

Shugaban da ke tsoron gyara wani,
Don kar a ce masa marar sani
Da tausayi, to ku zo ku gani,
Ba ƙauna ce yake yi ba.

Ban kori yaron nan ba, Mama. Abin da ya ɗauko daga 1 Timoti 3 daidai ne, kayan ne suka fi ƙarfin ɗangon. Ƙanena, duba yadda zai zauna:

Bulus ya ce wa Timoti ɗansa,
Mai kula ya fara da gidansa,
Kuɗi da giya su bar zuciyarsa,
Kada a naɗa sabon tuba.

Sabon Alƙalami:
Na gode, Malam. Na kwafe shi, zan gina na gaba a kansa, kan Titus 1.

'Yar Dabino:
Baitin "wani, sani, gani" ɗin nan fa, Malam? Ka tsinke magana a tsakiya ka jefa "da tausayi" ɗango na gaba don kawai amsa-amo ya fita. Da ni na yi, da yanzu an kira taro.

Mai Awon Kari:
Sabi-zarce ke nan, ƙanwata, salo ne sananne, ba aibi ba ne.

Tsohon Makiyayi:
Na daɗe ban leƙo ba, na dawo na tarar an bar garke ana awon gaɓa. Ba laifi, gyara ma hidima ce. Amma akwai wanda ba mu kai gare shi ba tukuna, shi ne kuwa Makiyayin kansa.

Yakubu, Yohanna, 'ya'yan Zabadi,
Dama da hagu ne nasu muradi,
Goman suka ji, ya zama sanadi
Na fushin da ba su ɓoye ba.

Yesu ya kira su, almajirai,
Ya ce masu mulkin al'ummai,
Suna danne mutane, kun sani sarai,
A cikinku ba haka zai zama ba.

Daren da za a bashe shi ya tashi,
Ya yi ɗamara da tawul a jikinshi,
Ya wanke ƙafar mai shirin sayar da shi,
Bai tsallake Yahuza ba.

Fasto, dattijo, mai bishara,
Ezekiyel ya riga ya kai ƙara,
Kan masu cin kitse su bar na baya a wahala, su sarara,
Ba su ɗaure mai karaya ba.

Ku kai shi gida, ku kai wurin aiki,
Bo'aza mai gona, mai arziki,
Ya gai da masu girbi da sunan Mai Tsarki,
Bai hana Rut yin kala ba.

Mai ɗaukar ma'aikaci ya biya da wuri,
Firistoci 19 ta kafa tsari,
Lada kar ya kwana har wayewar gari,
Mai riƙe shi bai san kiwo ba.

Uwar Marayu:
Amin, Malam. Baitin Yahuza ya tsaya mini a rai. Wanke ƙafar mai ƙaunarka da sauƙi. Wanda ka san yana cin dunduniyarka a cikin majalisar ikilisiya, ko a wurin aiki, ka kuma yi masa hidima ba tare da ka rage masa komai ba, nan ne da yawa muke tsayawa.

Mai Awon Kari:
An ce ina jin kunyar furfura. To Baba, da girmamawa, ɗango na uku a baitin Ezekiyel ya yi tsawo, "a wahala" ce ta yi masa nauyi.

Ɗan Ganuwa:
Kan tawul ba ni da ja, Baba, ko kaɗan. Amma akwai bashin da ban biya ba, na jifan da ka yi wa samari.

Ka jefi samari da ɗan Sulemanu,
Buɗe Sarakuna, Baba, a sannu,
Yana da 41 mulki ya zo hannu,
Wannan ai ba yaro ne ba.

Yosiya na da 8 aka naɗa shi,
A shekara ta 18 ta mulkinshi,
Ya ji Shari'a ya yage rigarshi,
Furfura ba ta koya masa ba.

Bulus ga Timoti ya yi gargaɗi,
Kar a raina ƙuruciya, haka ya faɗi,
Ku ba mu aiki, ko da babu daɗi,
Ba a koyon kiwo daga benci ba.

Sabon Alƙalami:
41! Ban taɓa lura ba, na je na duba 1 Sarakuna 14, haka yake. Mama, yanzu fa?

Uwar Marayu:
Shekarunsa 41, amma shawarar waɗanda suka tashi tare da shi ya bi ya bar ta dattawa. Maganar Malam tana nan daram. Kuma ɗangon benci ya karye, "ba a koyon" ba ta ɗaukar "ba" a ƙarshe.

'Yar Dabino:
Yaya, ka yanke labarin a tsaka,
Da ya yage riga, ina ya aika?
Hilkiya firist da Shafan duka,
Ba wurin namiji suka je ba.

Hulda annabiya matar Shallum,
A Urushalima take zaune kullum,
Ta ce, ku faɗa wa wannan mutum
Da ya aiko ku. Ba ta rage ba.

Sarki ya ji, ya tara jama'a,
Ya karanta musu littafin Shari'a,
Mace ya tambaya, ya yi mata ɗa'a,
Ku biyun ba ku ambace ta ba.

Malam, ga ƙwar huɗu, ga "ba" ɗinka, sai ka auna. Yaya, bashin Debora yana kanka har yanzu, ga Hulda ta ƙaru. Da waƙa nake son amsar.