Hurricane dai da Hausa, mu tsaya a kan guguwar teku

Jama'a salamu alaikum. Maganar nan da muka faro jiya a kan sunan da za mu ba hurricane da Hausa, wato gagarumar guguwar nan mai iska da ruwa da ke haɗuwa a kan teku, na ga ta yi nisa, amsoshi sun taru har na kasa bin kowa ɗaya bayan ɗaya, to bari in tattara abin da na fahimta a wuri guda, in kuma faɗi inda ni na tsaya, wanda bai gamsu ba ya zo da hujjarsa.

Da farko ga abin da ya sa abin ya tsaya mun a rai. A watan Satumban 2024 ina cikin masu fassara labaran waje a wani ɗan gidan rediyo, sai ga labarin wata hurricane mai suna Helene, wadda ta sauka a gaɓar Fulorida ta Amurka daren 26 ga wata tana mataki na 4 cikin matakai biyar na ƙarfi, iskarta na gudun kusan kilomita 225 a awa. Washegari da safe labari ya zo cewa ta shiga jihar Jojiya ƙarfinta ya faɗi, ta sauka daga matsayin hurricane ma gaba ɗaya. Ni kuma na rubuta "mahaukaciyar guguwar ta lafa", aka karanta haka. Kwana ɗaya zuwa biyu sai ga hotunan garin Asheville da ƙauyukan tsaunin Karolina ta Arewa, ɗaruruwan kilomita daga bakin teku, kogi ya cinye unguwanni, ƙasa ta zaftaro ta binne gidaje, mutum sama da 100 suka rasu a jihar nan kaɗai. Wallahi ranar ban ji daɗi ba. Abin da na ce ya lafa ashe lokacin ma yake tsakiyar ɓarna, kuma ba turancin ne ban gane ba, kalmomin da na ɗauko ne suka karkatar da maganar.

Shi ya sa nake ganin ba suna ɗaya muke nema ba, abu uku ne: sunan ita kanta, da yadda za mu faɗi raguwar ƙarfinta in ta hau tudu, da sunan rahoton nan na hukuma da ake fitarwa bayan komai ya wuce.

Mahaukaciyar guguwa ita ce kowa ya saba ji, ban ƙi ta don raini ba, ta yi mana aiki shekara da shekaru. Matsalarta ita ce komai mahaukaciyar guguwa ne a wurinmu. Wadda ke murɗowa siririya ta tsaga gari cikin minti goma a tsakiyar Amurka mahaukaciyar guguwa, wadda ta kwashe kwanon makaranta a farkon damina mahaukaciyar guguwa, ita ma wannan da faɗinta kan kai ɗaruruwan kilomita ta kuma yi sati ko fiye tana tafiya a kan ruwa mahaukaciyar guguwa. Sannan kalmar duk ta tattara hankalin mai sauraro a kan iska, ba ta ce komai ba game da ruwa, alhali ruwan ne ya fi kashe mutane.

Wani ɗan'uwa daga Damagaram ya ce mu ari kalmar kawai mu ce hariken, kamar yadda muka ari mota da rediyo. Malam ni ba na gudun aro, su ma turawan aro suka yi, daga bakin mutanen Taino na tsibiran Karebiyan kalmar ta fito ta bi ta Sifaniyanci. Amma ka duba, abu ɗaya ne suke kira da suna uku, a Atilantika hurricane, a wajen Japan da Filifin taifun, a tekun Indiya saikulon kamar Idai da ta ragargaza Beira ta Mozambik a 2019. In muka ara sai mun ari uku, kuma baba da ke sauraro a ƙauye zai ɗauka bala'i uku ne daban-daban.

An kawo holoƙo, na kuma ji daɗin ganin kalmar don ta kwana biyu ba a ji ta, sai dai holoƙo hadarin kaka ne, ƙura da iska ba ruwa, wato akasin abin da muke nema ne sak. An kawo ɗufana, wannan a bar wa Annabi Nuhu kayansa.

Wadda ta fi jan hankalina ita ce hadarin teku, wata yayarmu malamar makaranta ce ta kawo, kuma ta ma'ana ta fi kowacce, don hadari ya haɗa gajimare da iska da ruwa. Na kwana ina juya ta. Abin da ya hana ni shi ne yadda muke rubutu a waya, yawancinmu ba ma sa lanƙwasa, hadari da haɗari duk ɗaya muke bugawa, to in mutum ya ga "hadarin teku ya kashe mutum 50" abin da zai zo masa jirgin ruwa ne ya kife. Yaya ki yi haƙuri, ba don wannan ba da taki zan bi.

Saboda haka ni na tsaya a kan guguwar teku. Guguwa ta ba mu juyawar, don da gaske juyawa take yi tana zagaye wani fili a tsakiya da ake kira ido, teku kuma ya faɗi inda aka haife ta da abin da take ci. Wani ya ce ai in ta shiga cikin ƙasa ta daina zama ta teku kenan. A'a, gishirin Bilma ko a kasuwar Kurmi ka same shi gishirin Bilma ne.

Kuma sunan da kansa yana koyar da dalilin da ya sa take raguwa a tudu, nan ne ma na fi so mu daɗe. Guguwar teku ba ta haɗuwa sai saman ruwa ya yi ɗumi kamar digiri 26 zuwa 27. Ruwan ɗumin nan yana ta tashi tururi, tururin ya hau sama ya zama gajimare, a wajen zama gajimaren sai ya saki zafi, zafin ya ƙara cilla iska sama, ta ƙasa ta ruga ta cike gurbin tana ɗauke da sabon tururi, haka abin ke ta ciyar da kansa muddin akwai ruwan ɗumi a ƙarƙashi. Wato tsotson teku take yi kamar jariri da nono. Ran da ta hau tudu an raba ta da nonon, ga bishiyoyi da gine-gine da tsaunuka suna tare iskar ƙasa, ga busasshiyar iska na kutsawa cikinta, sai ka ga cikin awowi kaɗan idon ya toshe gudun iskar ya faɗi.

To wannan a Hausa yaye ne. An yaye ta daga teku. Ban ce a sa shi a kanun labarai ba, amma wajen yi wa ɗalibai ko masu sauraro bayani ban ga wadda ta kai ta ba, duk uwar da ta taɓa yaye ta san yaro kan rame, ta kuma san ba ranar da aka yaye shi yake yin shiru ba.

Abin da yayen ba ya ɗaukewa shi ne ruwan da ta riga ta sha. Yana nan a cikinta, kuma a tudu za ta juye shi, musamman in ta ci karo da tsauni iskar ta hau dole ta matse. A Helene tun kafin ta iso an riga an yi kwanaki ana ruwa a tsaunukan, ƙasa ta ƙoshi, sai ta zo ta ƙara, a wani wuri da ake kira Busick an auna kusan milimita 780 cikin kwana uku, ya fi abin da Yamai ke samu a shekara guda cur. Harvey ma a 2017 haka, ta sauka a Texas tana mataki na 4, iskarta ta ragu da wuri amma sai ta tsaya cak a yankin ta ƙi gaba ta ƙi baya, kwanaki tana zuba ruwa a kan Houston da kewaye, har wani wuri ya samu sama da milimita 1,500. Har akwai wadda ta saɓa ƙa'idar gaba ɗaya, Erin a 2007, ta yi nisa cikin ƙasa har Oklahoma sannan ta sake yin ƙarfi, masana da yawa suna danganta hakan da yadda ƙasar wurin ta jiƙe sharkaf har tana ba ta tururi kamar teku.

Don haka dan Allah masu fassara mu ajiye "ta lafa". Lafawa a kunnen Bahaushe tana nufin a fito a ci gaba da harka. Mu ce iskarta ta ragu, in kuma labarin ya ambaci ruwa mu ƙara da cewa ruwanta na nan. Kalma huɗu ko biyar ce kawai ƙari.

Matakan kuma ga yadda nake gani. Su da gudun iska suke rabawa, in bai kai kilomita 63 a awa ba ko suna ba a raɗa mata, mu ce ƙaramar guguwar teku. Daga 63 zuwa 118 an raɗa suna, matsakaiciya. Daga 119 ta riƙa, riƙaƙƙiyar guguwar teku, ita ce ainihin hurricane ɗin, daga nan kuma ake ƙirga mataki na 1 zuwa na 5, na biyar yana farawa daga kilomita 252. Wani ya ce riƙaƙƙiya ta yi nauyi a baki, ya fi son cikakkiya. Ban da ja, duk wadda ta zauna a bakin mutane.

Sai rahoton. Cibiyar da ke lura da guguwar teku a Amurka tana birnin Miami, kakar guguwar Atilantika kuma daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba. Kaka a nan kamar yadda muke cewa kakar wasa, wannan ba mu da matsala da shi. Lokacin da guguwa ke tafe sanarwa suke fitarwa cikin gaggawa da abin da ke hannu. Bayan ta wuce sai su zauna da kowace guguwa ɗaya bayan ɗaya, su tattaro awon jiragen sama da ke kutsawa cikinta, da hotunan tauraron ɗan'adam, da na'urorin da ke kan ruwa da na tudu, da alamar inda ruwa ya kai a jikin bango, su sake zana hanyar da ta bi da ƙarfinta a duk awa shida, su ƙirga waɗanda suka rasu da asarar dukiya, su kuma auna inda hasashensu ya dace da inda ya kauce. Yakan ɗauki watanni.

Kuma abin da ke ciki yakan sha bamban da abin da muka ji a rediyo. Michael da ta sauka kusa da Mexico Beach a Fulorida ranar 10 ga Oktoban 2018, a lokacin mataki na 4 aka ce, sai a Afrilun 2019 rahoto ya fito ya ce a'a, mataki na 5 ce. Katrina ta 2005 kuma akasin haka, an ce ta sauka Luwiziyana tana na 4, rahoto ya dawo da ita na 3, ga shi ita ce ta fasa katangun ruwan New Orleans, wanda wannan kaɗai ya isa ya nuna lambar mataki ba ita ce ma'aunin ɓarna ba. Hatta adadin mamatan Katrina an sake gyara shi a 2023, daga sama da 1,800 zuwa kusan 1,400. Andrew ta 1992 sai bayan shekara goma aka ɗaga ta zuwa mataki na 5.

An kawo rahoton ƙarshe, amma kun ga ba lallai ya zama na ƙarshe ba tunda ana komawa a gyara. An kawo rahoton bayan kaka, ya faɗi lokaci bai faɗi aiki ba, kuma wasu ma sukan fito kafin kakar ta rufe. Ni rahoton bin sawu nake so. Dabba ta wuce da dare, da safe maharbi ya fito yana karanta ƙasa, nan ta tsaya, nan ta yi gudu, nan ta juya, aikin da suke yi kenan ba ƙari ba ragi. Hanyar da suka tabbatar ɗin kuma sai mu ce tabbataccen sawu.

Wani ƙanina ya tambaya wai mu da ba mu da teku a arewa me ya haɗa mu da wannan wahala. Ƙanina ai da yawa daga cikin manyan guguwowin nan ta kanmu suke wucewa tun kafin su zama guguwa. Hadarin nan da ke tasowa daga gabas da damina, akwai wani kaɗawar iska da ke tafe da shi, yana ratsa Chadi da Nijar da arewacin Najeriya da Mali duk bayan 'yan kwanaki, ya fita teku ta wajen Senegal da tsibiran Kef Bad, in ya tarar da ruwan ɗumi wani sai ya riƙa. Irma ta 2017 daga irin wannan ta taso. Ga kuma 'yan'uwanmu da ke karatu da aiki a Houston da Fulorida, iyayensu a nan da Hausa suke jin labarin.

Abin da ya rage ban gama yanke shawara ba shi ne tudun ruwan nan da guguwar ke turowa gaɓa lokacin sauka, wanda ya yi ɓarnar Katrina. Ina tsakanin toroƙon teku da tumbatsar teku, na fi karkata ga toroƙo don shi yana da tashi sama a cikinsa, amma ina son jin bakin mutanen Yawuri da na bakin tafkin Chadi da suka san ruwa fiye da ni.

Da yau aka kawo mun labarin safiyar 27 ga Satumban nan, ga abin da zan miƙa a karanta: Guguwar teku Helene ta shiga jihar Jojiya, iskarta ta ragu ta koma matsakaiciya, amma ruwanta na nan, kuma tsaunukan Karolina ta nufa da shi.